Ranar da Muka Yi Cigiyar Baba a Rediyo

Mama ce ta fara lura. Ta fito da sassafe za ta hura gawayi, ta tarar an zare sakatar ƙofar gida. Ta leƙa ɗakin Baba ta ga gado a gyare tsaf, yadda ya saba barinsa tun yana ɗan makarantar kwana. Takalminsa na zuwa coci ba ya nan, kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa ba ya jikin ƙusa, rediyonsa ma babu. Ta zo ta taɓa ƙafata, ko murya ba ta ɗaga ba, ta ce, "Tashi, Babanku ya fita."

A Kurmin Mashi muke zaune lokacin, a gidan haya irin mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Zamanin soja ne, ana tsakiyar damina. Ni ina buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati, ban yi aure ba tukuna. Yayana bakanike ne a Kawo, can yake da iyalinsa. Baba kuwa tsohon hedimasta ne. Daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna ya fara koyarwa, aka yi ta jefa shi daga wannan firamare zuwa waccan har ya yi ritaya. Bai daɗe da ajiye alli ba kansa ya fara sakin abubuwa. Sunayen jikoki ne suka fara tafiya, sai hanyar coci, sai wata rana na dawo daga ofis ya miƙe tsaye ya tambaye ni ko ni ce sabuwar malamar da aka turo. A gidanmu abin ba shi da suna. Mama takan ce gajiya ce, mu kuma mu ce to.

Abin da bai saki ba shi ne rediyo. Wani ɗan baƙi ne mai rigar fata, da maratayin da yake sawa a wuya. Daga buɗe tasha yake tare da shi har a rufe. In mai labarai ya yi sallama Baba zai amsa masa. In ana maganar taki ya gyaɗa kai, in ana maganar makarantu ya ja tsaki. Ni ce mai sayen batir, kuma ranar Lahadin da ta wuce na sa masa sababbi. Saboda haka na san duk inda ya nufa, rediyon na nan yana magana a ƙirjinsa.

Kafin rana ta ɗaga, yayana ya iso da baƙin mai a hannu, ransa a ɓace, yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Maƙwabta suka bazu. Aka duba coci, aka duba kasuwa, aka duba firamaren unguwa, don wani lokaci yakan je ya tsaya a bakin ƙofarta yana duba agogon da ba ya hannunsa. Mai shayi ya ce kamar ya ga wucewar wani tsoho, amma da aka matsa masa sai ya ce ko jiya ne. Kowa a gidan ya zama ɗan sanda, kowa da hanyar da yake ganin Baba ya bi. Telan da ke ɗakin bakin ƙofa ne ya ce, "Ku je gidan rediyo mana, kafin ya yi nisa."

Wanda bai zauna a wancan zamanin ba sai an yi masa bayani. Ba waya a gidajen irinmu. In kana neman mutum, rediyo ne, kuma nema iri biyu ne. Akwai saƙo, wanda ake yi wa mai hankalinsa da ya yi tafiya: a faɗi sunansa, a ce duk inda yake ya dawo gida ana nemansa. Akwai kuma cigiya, wadda ba da shi ake magana ba, da jama'a ake yi. A faɗi tsawonsa da kalar fatarsa da tufafin jikinsa da abin da ke damunsa, a ce wanda ya gan shi ya taimaka. Ita ake yi wa yaron da ya ɓace a kasuwa, da saniyar da ta tsinke igiya, da wanda kansa ya taɓu.

Yayana ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Mama, zan ce musu tsoho ne, ba ya gane hanya, yana sanye da—"

"Ba za ka ce ba."

"To me zan ce?"

"Ka faɗi sunansa, ka ce tsohon hedimasta, iyalinsa na nemansa ya dawo gida."

"Mama, mutanen da za su gan shi a hanya ai ba sunansa ne rubuce a goshinsa ba."

Mama ta gyara ɗaurin zane. Ba mai yawan magana ba ce, amma in ta kafe ta kafe. Ta ce, "Yaran da ya koyar suna ko'ina a jihar nan, wasu manya ne a ofis. Su ji ana cigiyar malaminsu kamar akuya? Kuma rediyo na wuyansa. Kana so ya ji da kunnensa cewa matarsa ta sa an faɗa wa duniya kansa ba daidai ba? Mutumin da ko tari bai taɓa yi a gaban jama'a bai ce a gafarce shi ba." Sannan ta ce, "In ya ji sunansa zai dawo. Bai taɓa ƙin amsa kira ba."

Yayana ya dube ni ko zan sa baki. Ban sa ba. Gaskiya a raina na ga maganar Mama da ma'ana, don na sha ganin Baba yana amsa wa rediyo. Yayana ya buga ƙafa ya fita. Da ya dawo ya ce sun karɓa, za a karanta in an samu sarari tsakanin shirye-shirye, ba su ce ga lokacin ba. Shi ya koma neman ƙafa, asibitoci da ofisoshin 'yan sanda. Ni aka ce in zauna kusa da rediyo, in ji in an karanta, in kuma sa ido a ƙofa.

Namu ya tafi da mai shi, sai tela ya ara mini nasa, wani ƙato mai wurin kaset da murfin ya ɓalle. Na ɗora shi a kan benci a baranda, na zauna a kujerar tsugunno ina fuskantar ƙofar gida. A nan na wuni. Ban taɓa sauraron rediyo daga farko har ƙarshe ba sai ranar, kuma abin mamaki, har yau ina iya faɗin abin da aka yi ta yi, alhali abin da na ji a raina ba zan iya faɗi ba, don ban ji komai ba. Ba tsoro, ba kuka. Jikina ya yi nauyi kawai, kunnena kuma a buɗe.

Na tarar ana sharhi a kan labaran safe. Wani mai murya a ƙasan maƙoshi yana bayanin dalilin da ya sa ya kamata talaka ya ƙara haƙuri. Bayan shi aka shiga shirin manoma. Malamin gona ya ɗauki lokaci a kan ƙuduji, ciyawar nan da ke kashe dawa, ya ce a tuge shi kafin ya yi fure, a ƙone, kada a jefar a bakin gona. Wani manomi da suka je suka ɗauko muryarsa ya ce shi dai a kawo taki kan lokaci, sauran ya san yadda zai yi. Ana jin zakara na cara a bayansa. Ni da ko tukunyar fulawa ban taɓa shukawa ba, na zauna ina bin maganar ƙuduji daki-daki kamar za a yi mini jarrabawa.

Sai shirin mata. Wata ma'aikaciyar jinya ta koyar da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro na gudawa, ta maimaita, ta sake maimaitawa, har mai gabatarwa ta ce, "Iyaye mata, kun dai ji." Daga nan suka koma yadda ake adana kuɓewa busasshiya. Ana cikin haka matan zumunta na cocinmu suka fara shigowa, kowace da ɗankwalinta da littafin waƙa a hammata. Suka cika ɗakin Mama, suka fara addu'a, suka bi da waƙa. Ɗaya ta leƙo ta ce in zo a yi da ni. Na nuna mata rediyo. Da waƙarsu ta yi ƙarfi sai na ƙara murya, don kada a karanta ban ji ba.

Wajen hantsi aka zo sanarwa. Da rasuwa aka fara, aka yi ta jero sunaye da unguwanni da lokacin jana'iza. Aka shiga ɗaurin aure. Aka yi cigiyar wani rago fari mai baƙin wuya da ya ɓace a Kawo, aka faɗi har yankan da ke kunnensa. Na tuna na ce a raina, wannan ragon za a gan shi. Sai na ji sunan Baba, cikakke, da na baftisma da na mahaifinsa, a bakin mutumin da bai san shi ba. Tsohon hedimasta, mazaunin Kurmin Mashi, duk inda yake ya dawo gida, iyalinsa na nemansa. Kafin in gama haɗiye yawu an wuce zuwa wani taron tsofaffin ɗalibai.

Waƙa ta tsaya a ɗakin Mama. Ta fito ta tsaya a kaina ta ce, "Sun faɗa?"

Na ce, "Sun faɗa."

"Daidai suka faɗi sunan?"

"Daidai."

Ta je ta buɗe ƙofar gida har ƙarshe, ta sa dutse ta tokare. Ta ɗora ruwan shayi. Ta ce in ya shigo kada kowa ya yi masa tambaya, a bar shi ya zauna tukuna. Muka zuba wa ƙofa ido. Mai kalanzir ya wuce, wata mai tallan gyaɗa ta leƙo, yaran makaranta suka fara dawowa. Ruwan shayin ya tafasa ya ƙone, ta ƙara wani.

Rediyo bai tsaya jiran kowa ba. Aka yi labaran rana da Hausa, aka sake da Turanci, aka bi da wasu harsunan da ban iya ba, amma na saurara duk da haka, har ina gane sunayen garuruwa. An buɗe wata rijiyar burtsatse, wani babba ya kai ziyara wani wuri ya yi kira ga jama'a. Aka ɗauke wuta a tsakiyar kiran. Tela ya zo da gudu ya zazzage batiran tocilansa ya cusa, muryar ta dawo a shaƙe. Matarsa ta ajiye mini kwanon shinkafa da wake a gefe. Na cinye tas. Na lura ma manja ya yi yawa.

Da rana aka yi hira da wani tsohon maƙeri. Mai tambayar yaro ne da ke son a ji ya yi karatu, kowace tambaya sai ya yi mata doguwar shimfiɗa, tsohon kuma ya amsa da kalma biyu. Ya tambaye shi sirrin daɗewarsa a sana'a, tsohon ya ce bai iya wata ba. Na ji daɗin tsohon. Na yi tunanin Baba ma yana jin wannan hirar a wani wuri, a tsaye ko a zaune, kuma a nan ne zai ce, "Ka ji magana." Tunanin ya zo ya wuce bai taɓa ni ba.

Hadari ya haɗo daga gabas bayan azahar. Matan zumunta suka watse don kwashe shanya. Yayana ya dawo ya tsaya a baranda bai zauna ba. Ya je asibitoci, har ɗakin ajiye gawa an buɗe masa ya duba. Da ya faɗi wannan sai ya kalli gefe. Ruwa ya sauko da ƙarfi, irin mai dukan kwano har ba ka jin na kusa da kai. Na ɗauki rediyon na rungume, na kara kunne a jikinsa. Wasan kwaikwayo ake yi, na wasu 'yan'uwa biyu da ke rigima a kan iyakar gona da wata tsamiya da kowa ke cewa a nasa ɓangaren take. Na gane mai yin dagaci shi ne wanda ya karanta rasuwa da safe, ya dai ƙara kauri a murya. Duk lokacin da aka yi walƙiya sai rediyon ya yi ƙara ya cinye magana, saboda haka ban san wanda aka ba tsamiyar ba.

Mama na tsaye a bakin baranda, feshin ruwa na jiƙa mata zane, tana kallon ƙofar da ta tokare. Ruwa ya cika tsakar gida ya fara fita ta nan, ɗauke da bawon gyaɗa da wani silifa. Ta daɗe a haka. Baba bai ɗauki lema ba, tana nan a bayan ƙofa, duk mun gan ta. Da ruwan ya ɗan tsagaita ta kira yayana ba tare da ta juyo ba.

"Koma ka faɗa musu."

"In faɗa musu me, Mama?"

"Duka."

Ita da kanta ta jero. Dogo ne, baƙi, siriri. Furfura ta cinye kai. Tsagar gado a kumatu. Haƙorin gaba ɗaya ya fita. Kwat mai ruwan ƙasa, an yi masa faci a gwiwar hannun dama, ita ta yi facin. Baƙin takalmi sau-ciki. Rediyo a wuya. Ta tsaya. Yayana na jira. Ta ce, "Ka ce kansa ba daidai ba ne. Ka ce ba ya gane gida." Ta faɗa da murya irin wadda take aiken cefane da ita, ta shige ɗaki ta saki labule.

Bayan la'asar aka karanta. Wannan karon mace ce, ta bi a hankali, ba ta tsallake ko facin ba. Ta ce dattijon ba shi da cikakkiyar lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda Allah ya sa ya gan shi ya taimaka ya kawo shi Kurmin Mashi, ta kwatanta gidanmu. Maƙwabtan da suka daɗe da sani suka sunkuyar da kai kamar yau suka fara ji. Labulen Mama bai motsa ba.

Abin da ya biyo baya shirin barkwanci ne. Wani ne ya ari babur don ya burge surukai, ya iya tayarwa amma ba a koya masa tsayarwa ba. Ya iso ƙofar gidan ya kasa tsayawa, sai ya yi ta zagaya gidan, duk zagayowa ya jefo gaisuwa ɗaya. Ya wuce ya ce ina wuni, ya dawo ya ce ya iyali, ya sake dawowa ya ce a gaida Inna. Surukin na zaune yana amsawa da haƙuri, har ya ce a kawo wa baƙo ruwa a miƙa masa in ya zo wucewa. Wani ne ke yin ƙarar babur ɗin da baki, ana ji. Na yi dariya. Ta fito mini da sauti, ni kaɗai a baranda, har matar tela ta leƙo ta dube ni. Ban ji kunya ba, ban kuma ji sauƙi ba, na dai jira in ji yadda zai tsaya. Man babur ɗin ne ya ƙare masa.

Ba a daɗe da gama shirin ba wani mutum ya yi sallama a ƙofa, da hula da doguwar riga, laka har gwiwa. Ya ce, "Nan ne gidan da ake cigiyar dattijo?" Ya ce daga Rigachikun yake, wansa malamin allo ne a can, shi ya turo shi. Dattijon na wurinsu tun hantsi, lafiyarsa lau, ya ma ci abinci. Yayana ya ruga ya aro motar wani da ya kawo gyara. Mama ta fito ta tsugunna ta gaida mutumin, ta yi godiya, amma ta ce ba za ta je ba, za ta dafa ruwa. Na ajiye rediyon tela a kan benci yana ta magana, na shiga mota.

Har yau ban san abin da ya kai shi Rigachikun ba, ko da ƙafa ya je duka ko wani ya rage masa hanya. Muka wuce Kawo, tasha ta cika da masu komawa gida, muka ɗauki hanyar Zariya. Muka sauka daga kwalta muka bi wata hanya tsakanin gonakin masara, motar na santsi. A ƙofar wani gidan ƙasa akwai rumfar kwano, alluna a jingine da bango, yara sun tashi. Malamin na zaune a kan buzu. Kusa da shi Baba ne a kan tabarma, ya jingina da bango, an lulluɓa masa bargo. Kwat ɗinsa da feshin ruwa ya jiƙa na rataye a jikin ginshiƙi yana ɗiga. Ya cire takalma ya jera su a gefe, ƙafafunsa sun kumbura. Rediyon na wuyansa, ana karanta farashin hatsi a kasuwanni.

Na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni."

Ya ce, "Lafiya lau. An tashi daga makaranta?"

Na ce an tashi.

Yayana ya tsugunna gaban malamin ya ce, "Allah gafarta Malam, mun gode, Allah ya saka da alheri." Malamin dattijo ne shi ma, mai farin gemu da magana a hankali. Ya ce ba komai, ai baƙo na kowa ne.

Ya ce, "Tun hantsi ya iso. Ya ji yara na karatu sai ya tsaya, ya ce ma wani ya gyara zama. Na ga dattijo ne mai kamala, na sa aka shimfiɗa mishi tabarma, aka dama mishi fura. Na ce daga ina, ya faɗi wani gari ban san shi ba. Na ɗauka hutawa zai yi ya wuce."

Yayana ya ce, "Malam, bai faɗa maka sunansa ba?"

"Haba bawan Allah, wa zai dubi babba kamar wannan ya ce mishi yaya sunanka? Sai dai in shi ya faɗa."

Na ce, "Malam, an yi wata sanarwa da safe."

"Mun ji ta tare, baiwar Allah, ga shi ga ni. Da an kwatanta shi, da tun lokacin na aiko."

"Shi ya ji?"

Malamin ya dubi Baba, ya rage murya. Ya ce, "Ya ji. Ya ce mini, ka ji mutanen yanzu, magidanci guda ya fita bai faɗa ma iyali inda za shi ba. Ni ma na ce wallahi kuwa." Ya shafa gemu. "Ta biyun ce, da aka fara maganar kwat da rediyo a wuya, na ɗago na dube shi. Shi kuwa ya kara rediyon a kunne yana girgiza kai."

Yayana ya miƙe ya je bayan mota ya tsaya, ya ba mu baya. Ni na ɗauki takalman, na sauke kwat ɗin na matse. Baba ya yi wa malamin sallama da hannu biyu, ya ce makarantar na da tsabta, a ci gaba da haka. Malamin ya ce in sha Allahu. Ya ce mu tafi da bargon, sanyi ya sauko.

A hanya ba wanda ya yi magana sai rediyo. Labaran yamma ake yi, su ne dai na rana aka sake, rijiyar burtsatse da babban da ya yi kira ga jama'a. Baba na gyaɗa kai. Ina zaune kusa da shi ina jin warin bargon, hayaƙi da fura, ina jira abin ya zo mini, kukan ko murnar. Ba wanda ya zo. Na lura dai batir ya fara sanyi, na ce gobe sai in saya.

Mun iso ana kiran magariba a masallacin bakin titi. Maƙwabta sun taru a tsakar gida, suka yi ta barka, Baba na amsawa da ɗaga hannu kamar ya dawo daga taro. Mama ta tare ni a baranda kafin in shiga. Ta riƙe mini hannu ta ce a hankali, "Ta biyun, ya ji?"

Na ce, "Ya ji."

Ta saki hannuna. Ta ɗauko baho ta zuba ruwan ɗumi da gishiri, ta kai gaban kujerarsa, ta durƙusa. Ta ɗaga ƙafarsa ɗaya ta sa a ruwa, ta ɗaga ɗayar. Ba ta dube shi ba. Na san abin da take jira, don na san Baba a da: ba ya faɗa, sai dai ya kira ka ya tambaye ka a hankali me ya sa ka yi abin da ka yi. Ta sunkuyar da kai tana cuɗa masa diddige, laka na narkewa a ruwan.

Baba ya rage muryar rediyo. Ya ce, "Maman yara."

Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Na'am."

"Kin ji sanarwar nan kuwa? Wani tsoho ne ya ɓata, wai kansa ba daidai ba. Ga ruwan nan da aka yi. Tun ɗazu matarsa nake tunani." Ya ɗan sunkuyo. "Ko an gan shi?"

Mama ta ɗebo ruwa da tafin hannu ta zuba masa a ƙafa. Ta ce, "An gan shi."